Mayafin Hajiyar Katun

Laraba da dare, Fagge

"Sunanki zai fara fitowa, Anti Falmata." Haka Bukar ya ce da ya roƙe ni in gyara katun ɗinsa, fim ɗin zane mai motsi. Hajiyar cikin fim ɗin, wadda abokiyar aikinsa Ngozi ta haɗa a kwamfuta, tafiya take kamar ta haɗiyi taɓarya. Ni, mai zanen takarda, na yi ta kai-komo a shagonsu ina nuna mata: in mace ta tsaya, mayafinta sai ya ɗan wuce kafin ya kwanta.

Yau aka haska fim ɗin. Kowa mayafin yake yabo, Bukar yana ta "Hannun Ngozi ke nan!" Sunana babu. Kuma Ngozi ta iya, shi ya fi ci mini rai.

Na ba shi zuwa Juma'a. In bai sa sunana ba, zan koyi kwamfutar, in buɗe shago daura da nasa.