Shirun Hajara Ba A'a Ba Ne

Hajiya Zuwaira, don Allah ki taimake ni kafin bakina ya ja mini maimaita shekara. Ni ɗalibar kwamfuta ce a Gusau, ajin ƙarshe. Aikina na kammala karatu wata manhaja ce da ake zuba wa bayanai da ƙa'idoji, ita kuma ta fitar da yaran garin 'Yankuzo da allurar rigakafi ba ta kai gare su ba. Tsarin da aka koya mana shi ne, duk abin da ba a faɗa wa na'ura ba, ta ɗauka babu shi.

Da na je tattara bayanai, na tambayi wata mata, Hajara, 'ya'yanta. Ta ambaci biyu ta sunkuyar da kai, alhali ga babbar nan tsaye a bakin ƙofa. 'Yar fari ce, kunya ba ta barin uwa ta kama sunanta. Manhajata kuwa sai ta shafe yarinyar daga duniya.

Shi ya sa bayan "akwai" da "babu" na ƙara amsa ta uku, wato "ba a sani ba". Malamina, Dakta Abdulrahman, ya ce in cire, wai na cusa al'ada cikin lissafi, ga lokaci ya ƙure. Wallahi ba zan cire ba. Ni ma 'yar fari ce, har gobe Innata "ke" take ce mini. In ya ga dama ya kayar da ni.

Mai Taurin Kai, Tudun Wada

'Yata, taurin kan naki yana kan hanya, zafin ne ya yi yawa. Malaminki yana da gaskiya ta wani gefen: na'ura ba ta san gaibu ba, kuma idan komai ya zama "ba a sani ba", ba ta amfani kowa ba. Amma na tambayi masu ilimin, sun ce fanninku ya daɗe da raba "ba mu da hujja" da "mun tabbatar babu". Ashe ba al'ada kika cusa ba, karatunku ne.

Ki taƙaita ƙa'idar: inda uwa ce kaɗai ta ba da bayani, manhajar ta ce a koma a tambayi kaka ko maƙwabciya. Ki gwada tsarin biyu a kan gidajen nan, ki kai masa sakamakon cikin ladabi, ya ga yaran da suka ɓace da idonsa. Sassauta murya, amma kada ki cire layi ko ɗaya. Allah ya ba ki sa'a, ya sa allurar ta kai ga yarinyar.