Sabon Iri a Bakin Kanal

Laraba da dare, Kadawa

Har yanzu hankalina bai kwanta da Malam Sule mai sayar da iri ba. Yau ya nuna mini sabon tumatirinsa, manya-manya, jajur. Saura kaɗan in ce shi zan dasa gonata duka.

Jikata Hadiza ce ta ja mini riga. "Tsoho, duba mana. Sabon irin duk yana bakin kanal, tsohon kuwa can ƙarshe, inda ruwa ke isa da ƙyar. To irin ne ya yi, ko ruwan?"

Na ce, "Amarya, ina kika samo wannan?" Wai a darasin lissafi: mai gwaji ba ya zaɓa da kansa, ƙuri'a ake yi.

Da hannuna na rubuta lambobin kunyoyina ashirin, albarkacin makarantar dare da na shiga da furfura. Ta zuba takardun a hulata, ta zaro goma ido rufe. Kunyoyin da lambobinsu suka fito kaɗai za su sami sabon iri. Daɗi har ƙwalla!

Da na gaya wa Sule, sai ya ɓata rai, wai in bari shi ya zaɓa mini kunyoyin. Na ce a'a, hula ta riga ta zaɓa.