Matan Gidanmu Uku

Litinin, 3 ga Rajab
Shekarar da motoci suka koma hannun dama Inna mahaifiyata ta rasu, yau shekara hamsin da 'yan kai. Tun daga lokacin ban sake jin irin warin nan a gidanmu ba sai bana. Babbar 'yata Maijidda ta dawo daga asibiti a Kano, an cire mata nono guda. Ciwon daji. Ta zo da takarda, wai likita na son sunan duk wanda ya mutu a dangi da abin da ya kashe shi. Na ce ajali.

Alhamis, 6 ga Rajab
Na ba su kakanni goma sha ɗaya, tun daga wanda ya haƙa rijiyar gidanmu a Sandamu, ban yi tuntuɓe ba. Maijidda ta ce, "Baba, duk maza? Bishiyar kuka ce ta haife ku?" Wa ya taɓa jin an sa mata a salsala?

Juma'a, 14 ga Rajab
Wai wani dajin gadonsa ake yi, ana ganin alamarsa a jini tun bai fito ba. In ya bi dangi, za a gwada ƙanwarta Adawiyya, a riƙa duba ta da wuri. Na ce su tambayi dangin uwarsu, ni ba ni da nono. Adawiyya ta ce uba ma yana ɗauka ya miƙa wa 'ya'yansa, shi yana zaune ƙalau.

Asabar, 15 ga Rajab
Akuya ta haihu, biyu.

Lahadi, 23 ga Rajab
Inna zane biyu take ɗaurawa a ƙirji. Muka ce sammu. Ƙanwarta Goggo Kulu, muka ce miki ne da ya ƙi magani. Yaya Tabawa cikinta ya kumbura, muka ce iska. Kowace da nata labarin a kaina. Ban taɓa jera su wuri guda ba.

Laraba, 26 ga Rajab
Adawiyya ta kawo mini fura, goye da 'yarta. Ba ta ta da maganar ba. Shekararta talatin da huɗu. Inna ba ta kai arba'in ba.
Har yanzu ban yarda kwalbar jini ta san abin da Allah ya ɓoye ba. Kawai dai ba a san ni da lissafi mai giɓi ba. Gobe in na idar da asuba zan ce Maijidda ta ɗauko alƙalami. Likita ba zai karɓi "Inna" ba, sai suna. Ban taɓa furta shi da bakina ba. Zan faɗa a hankali, sau ɗaya.