Kabarin Felana a Gindin Tsamiya

Ambalavelo, kusa da Fandriana
Watan Mayu

Zuwa ga ƙanwata Soafara,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Rabenja. Yaya aikin bishara, yaya zafin kudu? Mu nan mun yanke shinkafa, sanyi ya fara shigowa. Mahaifiyarmu Neny tana gaishe ki, ƙafar nan dai tana damunta, amma bakin yana nan daram, jiya ma sai da ta wanke ni tas a kan taki.

Ba zan ja ki da nisa ba. Marigayi Baba ya zo wa Neny a mafarki yana cewa sanyi yake ji. Dangi sun zauna, an tsayar da magana: za a yi famadihana a watan Agusta. Za mu buɗe kabarin gidanmu, mu fito da kakanni, mu sake musu likkafani. Mai duba rana ya riga ya zaɓi ranar.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. 'Yarki Felana ta haura shekara a kabari. Yarinya 'yar shekara uku, kwance ita kaɗai a ƙasar ƙaya, cikin mutanen da ko sunan kakanta ba su sani ba! Ku tono ta, ku kawo ta gida. Rabenja ɗan baffanmu ne, kabarinmu ɗaya, babu wata gardama a kan inda za ta kwanta. Neny ba ta taɓa ɗaukar jikar nan tata da rai ba, ta ce ko ƙasusuwanta ne a ɗora mata a cinya kafin ita ma ta shiga.

Ki gaya wa malam mai wa'azi ya ajiye ƙararrawarsa na mako biyu. Aljanna ba za ta rufe ba kafin ya dawo.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Ratsimba


Ankilibory, ƙasar Androy
Watan Yuni

Yaya Ratsimba,

Na gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Ka gaida Neny, ka ce ta daina hawa tudun nan da ƙafarta, ta riƙa aiken jikoki.

Wasiƙarka ta zo a motar gishiri. Na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa, sai na kama kuka kamar wadda aka daka. Ka san abin da ya sa ni kuka? Ka rubuta sunanta. Yaya, tun ranar da aka binne ta ban ƙara jin sunan Felana a bakin kowa ba. Mutanen nan ba sa kiran sunan mamaci, fady ne a wurinsu, abin da ba a yi sam. Idan dole ta kama sai su ce “wadda ta tafi”. Rabenja kuwa, ba al'adarsa ba ce, amma ya bi sahu. Da na ɗauko zancenta sai ya tuna akwai wani mara lafiya da bai dubo ba. Ni kaɗai nake faɗin sunan, ina daka, ina wanki, ina faɗa wa turmi.

Kaɗaici ya ishe ni, ba zan ɓoye maka ba. Shekara shida ke nan, har yau idan na yi magana a bakin rijiya sai mata su kwashe da dariya, wai harshena na mutanen tudu ne, ina magana kamar mai tauna zare. Shinkafa sai ranar Lahadi, sauran kwanaki rogo da 'ya'yan raketa, wata shuka mai ƙaya da ta cika ƙasar nan. Ina marmarin ruwan ƙanzon shinkafa irin na Neny har in ji ƙamshinsa a hanci. Mutum ɗaya ce ke shigowa ɗakina ba sallama, wata tsohuwa Haova, ita ma rabin zuwanta don ta gaya mini ban iya hura wuta ba ne.

Ba ka san yadda aka binne ta ba, don a lokacin ban iya rubutawa ba. Zazzaɓi ne, asibiti kuma tafiyar yini ce a amalanken shanu, ba mu kai ba. Muka dawo da ita ba mu san inda za mu sa ta ba, mu baƙi, ko taki ɗaya na ƙasa ba mu da shi. Sai Redamy, dattijon garin, wanda bai taɓa taka cocinmu ba, ya aiko a ce mana akwai wuri a gindin tsamiya, gabas da gari. Ya yanka sa daga garkensa. Kowane gida ya kawo dutse aka jera a kanta.

Zan kawo ta, Yaya. Ina so in ga an naɗe ta a sabon mayafi, an ɗaga ta sama ana kiɗa, ana ce mata ga kakanki, ga gwaggonki. Yau zan yi wa Rabenja magana idan ya dawo daga ƙauye.

Taka, Soafara


Ankilibory
Watan Yuni

Zuwa ga Yaya Ratsimba, tare da girmamawa,

Alheri da salama su tabbata a gare ka da dukan gida. Ina roƙo ka miƙa gaisuwata ga Neny.

Soafara ta nuna mini wasiƙarka. Na ga ya fi kyau in amsa da hannuna, domin kada a ce na ɓuya a bayan mace.

Kada ka ɗauka wa'azi zan yi maka a kan famadihana. Na yi rawa da ƙasusuwan kakana ina yaro, ban kuma manta ba. Matsalar a nan take. Mutanen Androy ba sa buɗe kabari, har abada. Wanda ya taɓa kabari ya ƙazantu, ba a cin abinci da shi, ba a shan ruwa a hannunsa, ba a shiga inuwar ɗakinsa. Wurin da suka ba mu kuwa ba fili ne kawai ba, makwancin 'ya'yansu ne.

Shekara biyar ina buga ƙarfe ranar Lahadi, mutum uku ke zuwa, ɗayansu kurma ne. Suna cewa baƙon tudu kamar ɗan kasuwa yake, zai kwashe kayansa ya tafi. Lahadin da ta biyo bayan jana'izar, sai da aka shimfiɗa tabarmi a waje. Na tambayi Redamy dalili. Ya ce, “Da kai baƙo ne. Yanzu kana da kabari a nan.” Yau muna da ajin baftisma, mata suna koyon karatu, an bar ni in yi wa marasa lafiya addu'a a cikin ɗakunansu.

Idan na sa fartanya a gindin tsamiyar nan, ranar aikin zai mutu, kuma ba za a ƙara karɓar wani mai bishara a garin nan ba. Ba zan iya ba. Na san abin da nake hana Neny, na san abin da nake hana matata. 'Yata ce ni ma.

Ka yi mini haƙuri.
Ƙaninka cikin Ubangiji, Rabenja


Ambalavelo
Watan Yuli

Soafara,

Gaisuwa. Neny tana gaishe ki. Shi ban gaishe shi ba, kada ki ƙara masa da taki.

Wato da gawar 'yarsa ya cika coci! Madalla. Ya rubuto mini da kalmomi masu santsi kamar yana rubuta wa shugaban majami'a. Na karanta wa Neny, ta juya fuska bango, ranar ko shinkafa ba ta taɓa ba.

Ki saurare ni. Cocin nan nasu yana ɗauke ma'aikaci yadda ake ɗauke tukunya daga murhu. Gobe za su ce ku koma gabas ko arewa. Sai wa ya rage wa Felana? Waɗanda ba sa iya buɗe baki su faɗi sunanta? Mu idan mun mutu muna da inda za mu, ana fito da mu, ana ba mu labarin wanda ya yi aure da wanda ya haihu. Ita fa? Ke kanki idan kin shiga kabarin gida kika duba ba ta, wane irin kwanciya za ki yi?

Ga mayafin siliki na aiko a hannun direba, Neny ce ta saƙa da kanta, da idon nan nata da ba ya gani sosai. Ba sai mijinki ya yarda ba. Ki ce in zo, in zo da mutum biyu, mu gama kafin garin ya farga, ke kuma ki biyo mu. Ɗakinki na nan, na fitar da buhunan da na zuba a ciki.

Ki ba ni amsa da motar da ta kawo wannan.
Ratsimba


Ankilibory
Watan Yuli

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida Neny. Mayafin ya iso. Na ga inda zaren ya kauce mata, na sa fuskata a wurin.

Motar ta tafi ba amsa, ka yi haƙuri. Na riga na rubuta maka “ka zo”, wallahi na rubuta. Kwana da kwanaki ba na yi wa Rabenja magana, in ajiye masa rogo in juya. Amma na ce ba zan yi wa Haova sata ba, ita da ta wanke yarinyar nan da hannunta. Na same ta tana ɓare gyaɗa, na gaya mata yadda muke yi a gida.

Ta saki baki tana kallona. Ta ce, “Ku fito da su? Ku yi rawa da su? Kai, mutanen tudu, Allah ya shirye ku! Ba ku barin mutum ya huta ko ya mutu?”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Gara mu. Ku da kuke jefar da naku kamar ba ku taɓa haifarsu ba, ko suna ba ku kira. Tawa tana can ita kaɗai.”

Ta ture kwaryar gyaɗar, ta ce in tashi. Ta ja ni har inda ake hango tsamiyar, don su ba sa matsawa kusa. Ta miƙa baki, ba ta nuna da yatsa ba. Ta ce, “Kin ga na hannun damanta? Nawa ne. Na bayansa ma nawa ne. Ƙaramin can na 'yata ne, kwana ɗaya ya yi a duniya. Ni na ce wa Redamy a sa taki a tsakiyarsu, don baƙuwa ce, kada ta ji tsoro. Ita kaɗai, in ji wa?”

Na ce to me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce, “Ana faɗa ne? Kullum na fita ɗebo itace ta nan nake bi, ke kina tsammani hanyar ta fi kusa ne? Ba ma kiransu don kada su ji su taso suna nemanmu, su rasa hanyar komawa. Ke kuma kullum kina kiran taki a bakin turmi, ina jinki, na ƙyale ki ne kawai.” Sai ta ce, “In kin buɗe wurin nan, ba taki kaɗai za ki tasa ba.”

Yaya, ban taɓa sanin wannan ba. Na zauna a ƙasa, ita ma ta zauna, muna hangen tsamiyar har rana ta karkata.

Ba zan tono ta ba. Ba don cocin Rabenja ba, kada ka ce ya ci ni da wa'azi. Ba zan iya tasar 'ya'yan Haova ba, shi ke nan.

Amma tambayarka ta hana ni sukuni, wane irin kwanciya zan yi babu ita. Don haka na je wurin Redamy da kaina. Ya ce babba ba ya kwana cikin yara, sai dai akwai wuri a gefe, inda inuwar take kaiwa da yamma. Na ce ya ishe ni. Ya tara 'ya'yansa maza ya faɗa a gabansu, ko an ɗauke mu zuwa wani gari, ranar da na mutu nan za a kawo ni. Da na gaya wa Rabenja sai ya zauna a bakin gado ya rufe fuska, ya ce, “Felana,” sau ɗaya. Rabon da in ji sunan a bakinsa tun tana da rai.

Ka gaya wa dangi su ba wani gurbina a kabarin gida, wanda ke kusa da na Neny. Na san nauyin abin da na faɗa. Na san babu zagin da ya kai a ce wa mutum ba zai shiga kabarin gidansu ba, ga shi na yi wa kaina. Mayafin zan riƙe, ya yi wa yarinya yawa, ni zai yi mini daidai.

Kada ka karanta wa Neny wannan a tsaye. Ka zaunar da ita tukuna.

Ƙanwarka har kullum, Soafara


Ambalavelo
Watan Satumba

Soafara ƙanwata,

Gaisuwa gare ki. Ki gaida Rabenja.

An yi biki an gama, an rufe kabari. Na karanta wa Neny wasiƙarki a zaune, yadda kika ce. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni sunan tsohuwar nan, na sake faɗa mata, ta ce a gaishe ta.

Ta sa an kafa wa Felana dogon dutse a bakin hanya, irin wanda ake kafa wa wanda gawarsa ba ta dawo gida ba. An sassaƙa sunanta, duk mai wucewa kasuwa yana karantawa. Magini ya so ya kafa shi a tsakiyar wurin, Neny ta ce ya matsa da shi gefe, ya bar fili a kusa da shi na dutse ɗaya, naki.

Ni na riƙe masa igiyar awo. Ban taɓa yin aikin da na tsana kamarsa ba.

Ki riƙa rubutowa.
Yayanki, Ratsimba