Akushin da Na Mayar a Rufe

Yerwa, 9 ga Nuwamba, 1965

Zuwa ga matata Fanna, sanyin idona, inuwar darbejiyata da tsakar rana, wadda ƙamshinta ya fi humra daɗewa a riga!

Yau kwana goma sha ɗaya da kika yi yaji zuwa gidan Baba a unguwar Gamboru, kuma laifin nawa ne. Sau uku kina ajiye mini burabusko, man shanu kwance a kai yadda nake so tun kina amarya, sau uku ina mayar miki da akushi a rufe. Wace mace ce a Barno za ta ga haka ba ta ce an daina sonta ba?

Ga abin da na ɓoye miki. Ranar da na ce zafin rana ne ya kayar da ni a ofis, ƙarya na yi. Ƙirjina ne ya ɗaure. Likita ya auna ni, ya ce zuciyata ta gaji da ɗaukar wannan tumbi. Ya hana ni mai da yawan gishiri, ya raba ni da taba, ya ce in riƙa tafiya a ƙasa kullum in ina son ganin baɗi. Ta yaya zan dube ki in ce ƙibar da kike alfahari da ita a gaban mata, shaidar kin iya riƙon miji, ita ke neman raina? Na gwammace ki yi fushi da ki yi kuka. Wautata ke nan.

Yanzu da na idar da sallar asuba sai in kama hanya, ina haki, ina sharce gumi, masu shago na ta raɗa wai babban akawu ya zautu. Su yi ta yi! Kin san inda ƙafafun nan ke kai ni? Ƙofar gidanku. Nakan tsaya in ji dakanki, don ina gane shi ko cikin na mata goma, sannan kunya ta juyo da ni. Wallahi kewarki ta fi hakin nan wahalar da ni.

Gobe ba zan juya ba, sallama zan yi. In kin yafe, ki dafa mini ko da lami ne, zan cinye in suɗe akushin. So nake in tsufa a gabanki, Fanna, ki ga furfurata ki yi mini dariya.

Naki muddin ina numfashi,
Ajimi