Zartona a Cikin Gilashi

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki, yaya auta da maƙwabta? Ni alhamdu lillahi, an yi aikin idon, likita ya ce in zauna wata guda kafin ya sallame ni.

Kin ce in duba miki sabon gidan ɗanki in gaya miki gaskiya, don mu san ko za mu saki shago mu dawo wajensa gaba ɗaya yadda yake ta naci. To na duba, ido ɗaya ma ya isa. Gida babba ne, wannan ban hana shi ba. Ruwa ba ya yankewa, katifar ma ta yi wa bayana daɗi. Amma komai fari fat, bango fari, kujeru farare, labule fari, kai ka ce har yanzu ina kwance a asibiti.

Sun ɗauko wata mata wai sana'arta ƙawata gida. Yini take yi tana yawo da tef a wuya, tana ja da baya tana karkata kai, ƙusa ɗaya ba ta iya bugawa ba. Ta jera littattafai a kan kantar bango, na zaro ɗaya in duba, ashe kwali ne, babu ko shafi a ciki. Lemon da ke faranti na roba ne. Teburin cin abinci kuwa na ƙwanƙwasa shi na ji, garin katako ne aka dunƙule da gam aka lulluɓe da leda. Shekara arba'in ina kafinta, ɗan cikina yana cin abinci a kan dusa.

Surukarki dai ba ta rage ni da komai ba. Ta lura ba na sakewa, kullum ina rakuɓe a bakin gado, ta durƙusa ta tambaye ni abin da zai sa in ji kamar a gida nake. Na ce mata hannuna ne ke ƙaiƙayi, da akwatin kayan aikina na kusa, da na gyara musu ƙofar kicin da ke kuka. Direba zai zo, ki ba shi akwatin. Maganar shago ki dakata tukuna.

Ki gaida kowa da kowa.

Naki,
Baban yara

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki, da fatan jikin da sauƙi. Ido yana ta washewa, har na fara ganin abin da ban so gani ba.

Akwati ya iso, amma kwana goma ban sa shi a ido ba. In na tambaya sai a yi murmushi a ce in yi haƙuri. Ranar Asabar aka kamo hannuna zuwa falo, aka yaye wani ƙyalle daga bango. Zartona biyu, guduma, gizago, da abin goge katako da na gada wajen maigidana, duk an fesa musu fenti ruwan gwal. An huda ruwan zarto an ɗaure da ƙusa, an rufe su a gilashi, har da 'yar fitila a sama tana haska su. Babban zarton nan da hannuna na wasa shi kafin in taho. Yanzu haƙoransa sun cushe da fenti, ko kwalin littattafansu ba zai yanka ba.

Matar nan mai ƙawata gida ta harɗe hannu tana jiran godiya, tana yi mini bayanin wai wannan tarihin iyali ne. Ni take koya wa tarihin gudumata. Ɗanki ya ce da waɗannan kayan na ɗauki nauyin karatunsa. Ba ƙarya ya yi ba, kuma ba da mugunta suka yi ba, shi ya fi ci mini rai. Na dubi fuskar surukarki, na ce Allah ya yi albarka. Me zan ce?

Washegari na roƙi ɗanki ɗan lungu a garejin mota in kafa benci. Ya ce ƙurar katako za ta ɓata mota, kuma ai lokacin hutuna ya yi. Ƙofar kicin kuwa wani suka kira, ya ɗiga mata mai ya tafi, jiya ta koma kuka.

Ga abin da ya sa na yi saurin rubuto miki. Matar ta ji labarin keken ɗinkinki. So take a cire kan a ajiye, a ɗora gilashi a kan ƙafafun, a sa tukunyar fure a bakin ƙofa, don in kin zo ki ji kamar a gida. Direba na nan tafe. Ki ba shi ruwa ya sha, ki sallame shi hannu wofi.

Kada ki ba kowa makullin shago. Alhamis likita zai sallame ni, Juma'a in sha Allahu ina hanya. Kayan aikin na bar musu, su dai sun sami wurin zama a gidan. Ki tura auta wajen maƙwabcinmu ya tambaya ko zai ara mini zarto kafin in sayi wani.

Ki huta lafiya.

Naki,
Baban yara