Zomon Luba

Watari, ranar Talata.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya zaman Fatakwal da ruwan samansu da ba ya ɗaukewa? Mu nan sai godiya. Inna tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi. An gama yankan gero, waken bana kuwa ya yi kyau.

Kada ka yi mamakin takarda alhali ga waya. Ka san mahaifiyarka, ko tari na yi a waya sai ta tambayi me ka ce. Shi ya sa na ba Yahya direba.

Maganar zomon nan ce da ka sayo wa autarka Luba a kasuwar Kunci. Wallahi in ka gan shi ba za ka gane shi ba, ya zama tulu. Kitse ya sauko masa har ƙirji, tsalle biyu zai yi ya kwanta yana haki, ko bayansa ba ya iya juyawa ya lasa, ni nake wanke shi saboda ƙuda. Na gaji na sa shi a kwando na kai wa likitan dabbobi a Dawakin Tofa. Ya ɗora shi a sikeli, ya laluba gefensa, ya ce ko haƙarƙari ɗaya bai ji ba. Da na nuna masa abincin buhun da ka aiko, ashe na masu kiwon yanka ne, wanda ake ɗura wa zomo ya yi nama a sayar. Kai kuwa da ka ga hoton zomo a jikin buhu shi ke nan, ka ɗauko mai tsada don a ce baban Luba ya iya sayayya!

Likitan ya ce in sayi mai koren ƙwayoyi duk iri ɗaya, ba mai gauraye da masara ba. A riƙa rage masa sannu a hankali har ya dawo ƙaramin gwangwanin tumatir a yini, sauran ya ci busasshiyar ciyawa da ɗan ganye, kuma a sake shi tsakar gida ya motsa jini. In ba haka ba, ya ce, wata rana zuciyarsa za ta tsaya.

Na zaci Luba za ta yi min birgima. Ko kusa. Tsayawa ta yi tana kallona ina awo. Da yamma dai ta bar rabin tuwonta, na ce fushin yara ne.

Ka kula min da kanka, kewarka ta ishe ni.

Matarka,
Zulaihatu.

Watari, ranar Lahadi.

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fata takardata ta same ka lafiya. Inna da yara suna gaishe ka. Ni kam hankalina ba a kwance yake ba, ba zan ɓoye maka ba.

Zomo ya fara faɗawa, har yana zagaya rumbu. Amma Luba ma ta faɗa. Ba fushi take ba, ba zazzaɓi, ba gudawa. Loma uku za ta yi ta janye hannu ta ce ta ƙoshi. Na yi rarrashi, na yi faɗa, na soya mata awara, ta sunsuna ta ajiye. Wuyanta ya yi tsawo, rigar sallarta tana reto a jikinta. Na kai ta asibiti an ɗebi jini, sun ce ba su ga komai ba, suka ba mu maganin cin abinci. Mun shanye kwalbar.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan. Da tsakar rana, lokacin da gida ya yi tsit, sai su kwanta ƙarƙashin darbejiya ita da shi. Na tsaya na duba da kyau, cikinta da cikinsa tare suke ɗagawa, tare suke sauka. Ran nan ƙaya ta soke shi a ƙafar hagu, lokacin Luba tana islamiyya. Ta dawo tana ɗingishi da ta hagu. Na juya tafin ƙafar nan na duba, ko ƙwarzane babu.

Inna ta kira ni ɗaki ta ce in tambaye ka a hannun wa ka sayi zomon, kuma ko ka faɗa wa mai shi sunan yarinyar. Ta ce a zamaninsu an sha kama kurwar yaro a ɓoye ta a jikin dabba, abin da ya sami dabbar ya sami yaron. Na ce mata mu ji tsoron Allah, ba mai yi sai Shi. A raina har cewa nake, ni da na yi makaranta za a kawo wa wannan zance?

To jiya na gwada. Luba tana ɗakin Inna ana yi mata kitso, ba ta ganin bayan gida. Na lallaɓa na cika wa zomon kwano da tsohon abincin nan naka. Ya sa baki ke nan na jiyo muryarta tana kiran a ba ta abinci. Ta cinye malmala biyu har da siɗe kwano. Na zauna a bakin murhu.

Yanzu ka faɗa min yadda zan yi. In na rage masa, 'yata ta ƙare a tsaye. In na cika masa, ka ji abin da likita ya ce. Don Allah ka tuno wanda ya sayar maka.

Taka,
Zulaihatu.

Watari, ranar Juma'a.

Maigidana,

Assalamu alaikum. Yahya ya kawo saƙonka, na ji ka ce wata tsohuwa ce a bakin kasuwa, ta tambaye ka wa za ka kai wa, ka faɗa. Haba, maigida. An je Kunci an nema, ba wanda ya san ta.

Na zaɓi 'yata, kowace uwa haka za ta yi. Na ci gaba da cika masa kwano, kumatunta suka dawo, har tana tsokanar yayyenta. Shi kuwa ya koma yadda yake har ya zarce, ya daina tashi sam. Ba addu'ar da ba mu yi ba, Malam ya ba da rubutu ta sha. Inna, da ƙafarta da komai, ta wuni a gindin darbejiya tana yi wa zomo fifita. Na sake gwada ragewa kaɗan, a ranar Luba ko ruwa ba ta karɓa ba.

Jiya da hantsi zomon ya yi wata irin miƙa, shi ke nan. Na saki muciya na ruga ɗaki ina salati. Na same ta a zaune a kan tabarma, idonta biyu, jikinta da ɗumi. Na rungume ta na yi ta kuka, Inna ta yi sujada a tsakar gida. Luba ta ci abincin rana, ta ci na yamma.

Amma tun jiya ba ta yi magana ba. Ba ta tambayi ina yake ba, ba ta yi hawaye ba. In na kira sunanta ba ta waigowa, kamar da wata nake. Na ce wa Inna firgita ce, za ta wuce.

Ɗazu na ɗauko gwangwanin abincinsa zan je in zubar, ƙwayoyin suka yi ƙara a ciki. Sai ga ta ta fito daga ɗaki da gudu. Ta zo gabana ta tsuguna, ta ɗago kai tana jira.

Ka bar aikin nan ka taho gida. Tsoro nake ji.

Matarka,
Zulaihatu.